KWAMFUTA MAI HANYA BIYU: ABIN DA ZA A YI IN ALLON SHIGA YA ƘI FITOWA

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar yin jarrabawar shiga manyan makarantu da fensir da takarda, ta mai da ita duka bisa kwamfuta. Daga ran nan ɗakin kwamfuta ya zama tilas ga kowace makarantar sakandare, domin yaron da bai taɓa ɗora yatsa bisa madannai ba, kome ƙoƙarinsa a aji, in ya shiga zauren jarrabawa wajen neman haruffa lokacinsa zai ƙare. Haka abin ya ke a ofisoshin ƙananan hukumomi. Lissafin albashi, da jerin sunayen ma'aikata, da wasiƙu, watau abubuwan da akawun En'e na dā ya ke rubutawa cikin babban littafi ko ya buga da tafireta, yau cikin kwamfuta su ke kwana.

To, akwai wata cuta da kan kama irin kwamfutocin nan da aka zuba wa manyan manhajoji biyu, Windows da Linux. Malami ya kunna da safe, ya zaɓi Linux, yana jiran allon nan mai hoto inda ya saba ganin sunansa ya buga kalmar sirri, sai ya ga allo baƙi ƙirin, ko ɗan layi fari yana ta ƙiftawa a kusurwa, ko kuwa rubutun Turanci ya cika allo ya tsaya cik. Wanda ke cikin birnin Kano ya iya ɗaukarta ya kai wa masu gyara a Titin Beirut ya dawo kafin azahar. Amma malamin da ke Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada, balle wanda ke Riruwai a can ƙasar Doguwa, bayan Dajin Falgore, wannan tafiya ta ci masa yini guda da kuɗin mota, aji kuwa yana zaune ba darasi. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, mai gyaran da ya ke sauri ya kan share rumbun duka ya zuba sabuwar manhaja, sakamakon jarrabawar yara na shekaru ya tafi ke nan.

Galibin lokaci cutar nan ba ta kai ta kawo ba. Mutum mai natsuwa wanda ya iya karanta abin da ke kan allo ya iya warkar da ita yana zaune a ofishinsa. Ga yadda a ke yi.

MECE CE KWAMFUTA MAI HANYA BIYU?

Duk wanda ya taso daga Kano ya yi kudu ya san Kwanar Dangora. In ya iso nan, ko dai ya miƙe ya nufi Zariya, ko kuwa ya karya kwana ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa Falgore, ya nufi Saminaka da Jos. Motar ɗaya ce, direban ɗaya ne, amma ba ya bin hanyoyin nan biyu a lokaci guda. Haka kwamfutar da mu ke magana ta ke. An raba rumbun ajiyarta kashi biyu, an ba Windows kashi ɗaya, an ba Linux ɗaya. In an kunna, wata 'yar manhaja mai suna GRUB ita ce kwanar: ta kan nuna jerin sunaye, mutum ya zaɓi inda za shi.

Windows dai ta kamfanin Microsoft ce na ƙasar Amurka, kowa ya san ta. Linux kuwa wani ɗalibi ne na Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, ya bar ta kyauta ga mai so. Tana da iri da yawa, amma wadda aka fi gani ita ce Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fara fitarwa cikin watan Oktoba 2004. Sunan nan kalma ce ta harsunan Zulu da Kosa, ma'anarta mutumtaka. Akwai kuma Linux Mint, wadda aka gina bisa Ubuntu, kusan duk abin da za a faɗa a nan ya shafe ta.

Masu haɗa su biyu suna ƙaruwa, dalili kuwa a fili ya ke. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya tsai da kulawar yau da kullum da ya ke yi wa Windows 10, ga shi kuwa tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Irinsu ne su ka fi yawa a hannun malamai, domin galibi na hannu a ke saye. Sai mutum ya sa Linux don aikin intanet da koyarwa, ya bar Windows a gefe saboda wata manhaja da ya saba da ita.

ZANGO BIYAR

Likita ba ya ba da magani sai ya san inda ciwo ya ke. Daga kunna kwamfuta zuwa shigarta akwai zango biyar. Na fari, manhajar da ke cikin jikin injin kanta, wadda a ke kira BIOS ko UEFI, ta farka ta dudduba kayan ciki. Na biyu, GRUB ta nuna jerin zaɓi. Na uku, zuciyar Linux, wadda masana ke kira kanel, ta tashi ta kama ragamar injin. Na huɗu, a buɗe kason rumbu a ta da ma'aikatan ciki ɗaya bayan ɗaya. Na biyar, mai tsaron zaure ya fito da allon shiga mai hoto. Sunan mai tsaron nan GDM a Ubuntu tun daga 2017, a Linux Mint kuwa LightDM.

Saboda haka in jerin GRUB ya fito, kuma Windows tana buɗewa lafiya, to allo da batir da rumbu da sauran ƙarafa ba su mutu ba. Ciwon yana tsakanin zango na uku da na biyar, takardunka kuma suna nan inda ka bar su. Mai gida bai rasa gidansa ba don an kulle zaure.

KAFIN A TAƁA KOME

Abu na farko, a ɗauki hoton allon da waya, ko a kwafe rubutun da ke kansa harafi da harafi cikin littafi. Rubutun nan shi ne bakin majiyyaci, in an kashe injin kuwa ya ɓace.

Abu na biyu, a cire duk abin da aka jona: filas, da na'urar buga takarda, musamman ma wayar majigi ko ta allo na biyu. Sau da yawa allon shiga ya fito sarai, amma kwamfuta ta tura shi zuwa majigin da ke kashe, malami yana nan yana kallon baƙin allo yana salati. A cire wayar a sāke kunnawa.

Abu na uku, a yi haƙuri na minti biyar ko goma. In wuta ta ɗauke jiya ana cikin aiki, Linux ta kan tsaya ta binciki rumbunta kafin ta wuce, tsohon rumbu kuwa ba ya sauri. Wanda ya danne maɓallin kashewa a tsakiyar wannan bincike ya ƙara wa kansa aiki.

ƘOFAR BAYA

In duk wannan bai yi ba, sai a zagaya. Linux tana da wata ƙofa wadda ba ta bukatar hoto. A danne Ctrl da Alt tare, sa'an nan a taɓa F3. A waɗansu kwamfutocin cinya sai an haɗa da Fn. Allo zai koma baƙi da rubutu fari, kalmar ƙarshe ita ce login. A rubuta sunan shiga da ƙananan haruffa, a danna Enter, sa'an nan a buga kalmar sirri. A lura fa, sa'ad da a ke buga kalmar sirri ba abin da zai fito a allo, ko ɗigo. Da gangan aka yi haka don kada na baya ya ƙirga haruffan. A buga kawai a danna Enter.

Wanda ya shiga ta nan ya shiga gida. Daga nan magana da kwamfuta sai da umurni a rubuce, kuma ba ta yafe kuskuren harafi ko na tazara. Umurnin da ya fara da sudo umurni ne da ikon mai gida, za ta nemi kalmar sirri kafin ta aikata. A fara gwada ta da mai tsaron zaure:

sudo systemctl restart display-manager

In allon shiga ya fito, madalla, amma a ci gaba da bincike don a san abin da ya kwantar da shi. In bai fito ba, a koma ta Ctrl da Alt da F3, a tambayi kwamfuta inda aka ce ta tsaya:

systemctl get-default

Amsar da a ke so ita ce graphical.target. In ta amsa da multi-user.target, to an gaya mata ne ta tsaya a zango na huɗu, wataƙila wani ɗalibi mai ƙiriniya ya kwafo umurni daga intanet ya gwada. Maganinsa shi ne sudo systemctl set-default graphical.target sa'an nan sudo reboot.

RUMBU YA CIKA

Wannan ita ce cutar da ya kamata a fara zato, domin a kwamfuta mai hanya biyu Linux ce a kan ba ƙaramin kaso. Masu Ubuntu sun ce a ba ta gigabait 25 a ƙalla, mutane kuwa su kan ba ta daidai wannan ko ƙasa da haka, sa'an nan a yi ta tara hotunan bikin makaranta da finafinai a ciki. Mai tsaron zaure yana bukatar ɗan wurin da zai rubuta 'yan takardunsa kafin ya fito. In ba wuri ko kaɗan, sai ya ƙi fitowa, ko kuwa ya fito, ka buga kalmar sirri daidai, allo ya yi duhu, ya sāke dawo da kai bakin ƙofa. A duba da wannan:

df -h /

Za ta nuna girman kason, da abin da aka ci, da abin da ya rage. In an ga 100% an kama ɓarawo. Sai a yi shara. Umurnin sudo apt clean ya kan zubar da ƙunshin manhajojin da aka sauko da su aka riga aka girka. Umurnin sudo journalctl --vacuum-size=100M ya kan rage littafin tarihin da kwamfuta ke rubuta wa kanta. Umurnin sudo apt autoremove ya kan kwashe tsofaffin kanel da sauran tarkacen da ba a bukata. In an samu ko gigabait ɗaya, a sāke kunnawa, a shiga ta zaure, sa'an nan a kwashe finafinan nan zuwa wani wuri. Kada a share wani fayil da hannu a wannan baƙin allo in ba a san aikinsa ba, domin abin da aka share ta nan ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan.

WUTA TA ƊAUKE ANA TSAKIYAR AIKI

Cuta ta biyu tamu ce ta gida. Ubuntu ta kan sabunta kanta lokaci lokaci, tana cire tsohon abu tana sa sabo. In wuta ta ɗauke, ko man janareta ya ƙare, ko batirin sola ya yi ƙasa a daidai wannan lokaci, sai a bar gini rabi da rabi, an kwance tsohon rufi ba a ɗora sabo ba. Ana gyara wannan da umurni biyu, ɗaya bayan ɗaya:

sudo dpkg --configure -a

sudo apt -f install

Na farko ya kan ƙarasa abin da aka bari a tsakiya, na biyu ya nemo abin da ya ɓace. Na biyun yana bukatar intanet. Hanya mafi sauƙi a ƙauye ita ce a jona wayar Android da kwamfuta da igiyar caji mai ɗaukar bayani, a shiga saitin wayar a kunna raba intanet ta igiya, Ubuntu ta kan gane ta da kanta. In har yanzu zaure a rufe ya ke, a sāke girka mai tsaron da sudo apt install --reinstall gdm3 ubuntu-desktop. Wannan na masu Ubuntu ne kaɗai, kada mai Linux Mint ya buga shi.

Wani lokaci ɗaukewar wuta ta kan hargitsa tsarin rumbun kansa. Alamarsa ita ce kwamfuta ta tsaya tun da wuri, kalmar initramfs tana farkon layi, a sama kuma ta ambaci sunan wani kaso, misali /dev/sda5, ta ce a yi masa fsck da hannu. Sai a rubuta fsck -y a bar tazara a bi shi da sunan nan da ta faɗa, daidai yadda ta faɗe shi. In ta gama a rubuta exit. A kula ƙwarai, sunan da ke kan allonka za ka rubuta, kada ka ɗauki na misalin nan, domin kowace kwamfuta da yadda aka raba ta. In wannan ciwo ya riƙa dawowa alhali wuta ba ta ɗauke ba, rumbun ne ya tsufa, a kwashe kaya tun bai rushe ba.

MAƘWABCIYA BA TA YI BARCI BA

Cuta ta uku daga zaman tare ta ke fitowa. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, in ka ce wa Windows ta kashe kanta ba ta mutuwa gaba ɗaya. Ta kan rubuta halin da ta ke ciki a rumbu ta kishingiɗa, don ta yi saurin tashi gobe. Sunan wannan dabara Fast Startup. Muddin tana kishingiɗe, kasonta na rumbu yana nan da alamar ana aiki a ciki. Linux in ta zo ta ga alamar nan, wani lokaci ta buɗe kason don karatu kaɗai, wani lokaci ta ƙi taɓa shi sam, don gudun ɓarna.

Wannan bai kamata ya hana shiga ba, sai dai in wanda ya girka kwamfutar ya rubuta kason Windows cikin wani fayil mai suna /etc/fstab, watau jerin ɗakunan da tilas a buɗe kafin a wuce zango na huɗu. In ɗaki ɗaya cikin jerin nan ya ƙi buɗuwa, Linux ta kan jira shi, galibi daƙiƙa 90, sa'an nan ta tsaya ta ce tana cikin emergency mode, watau halin gaggawa. Haka kuma ya kan faru in an sāke girka Windows, domin lambar shaidar kason ta canza, Linux tana ta neman tsohuwar lamba.

Magani iri biyu ne. Na sauƙi, a koma Windows, a danne Shift a riƙe sa'ad da a ke zaɓen kashewa, wannan ya kan sa ta mutu sosai. Don kada abin ya sāke faruwa, a buɗe allon umurni na Windows da ikon mai gida a rubuta powercfg /h off. Na biyu, a nan cikin halin gaggawa a danna Enter, a rubuta nano /etc/fstab, a nemo layin da ke da kalmar ntfs, a sa alamar # a farkonsa, a adana da Ctrl da O, a fita da Ctrl da X, a sāke kunnawa. Alamar nan tana cewa a tsallake layin. Wanda ya ke son kason ya riƙa buɗuwa ba tare da ya tsai da tafiya ba, ya bar layin yadda ya ke, ya ƙara kalmar nofail cikin zaɓuɓɓukansa. Kada a taɓa sauran layukan.

TAFINTAN HOTO

Cuta ta huɗu ta fi wuyar sha'ani kaɗan. Tsakanin Linux da na'urar da ke zana hoto a allo akwai wata manhaja da masu gyara ke kira direba, aikinta aikin tafinta ne. In an sabunta kanel, tafinta bai iya harshen sabon ba, sai hoto ya gagara. An fi ganin haka a kwamfutocin da ke da na'urar hoto ta Nvidia. Alamarsa ita ce jiya an yi sabuntawa lafiya, yau allo baƙi, wani lokaci ma Ctrl da Alt da F3 ba sa aiki.

A nan sai a koma kwana. A jerin GRUB akwai layi mai suna Advanced options for Ubuntu. A shiga, za a ga kanel biyu ko uku, sabo a sama. A zaɓi wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta, watau wanda ya yi aiki jiya. In allon shiga ya fito, an san mai laifi, sai a jona intanet a rubuta sudo ubuntu-drivers install don a kawo tafintan da ya dace.

In tsohon kanel bai taimaka ba, a tsaya kan sunan Ubuntu a jerin GRUB a danna harafin e. Rubutu zai fito. A nemo layin da ya fara da linux, a je bayan kalmomin quiet splash, a bar tazara a rubuta nomodeset, a danna F10. Kwamfuta za ta tashi da hoto mai kauri marar kyau, amma ya isa a shiga a yi gyara. Wannan canji na tafiya ɗaya ne, in an kashe ya goge, saboda haka ba abin tsoro a gwada shi.

ABIN DA YA FARU A AGUSTA 2024

Akwai wani tsaro cikin UEFI mai suna Secure Boot, wanda ba ya barin wata manhaja ta ta da injin sai mai hatimi. Ran 13 ga Agusta 2024 Microsoft ya aika da sabuntawa ga Windows don ya toshe wata kafa a tsofaffin manhajojin ta da Linux. An shirya ta ne a kan za ta tsallake kwamfutoci masu hanya biyu, amma a wurare da yawa ba ta gane su ba, mutane a ƙasashe dabam dabam su ka wayi gari Linux ta ƙi tashi, allo yana ambaton SBAT da Security Policy Violation. Kamfanin ya amsa cewa matsalar daga sabuntawar ta ke, ya kuma fitar da gyaranta cikin watan Mayu 2025. Darasin da ke ciki shi ne, ciwon da ya bayyana a ɗaki ɗaya ya iya zama daga maƙwabci ya taso. Kullum a tambaya: mene ne aka yi wa Windows jiya?

Wanda ya ga irin rubutun nan a tsohuwar kwamfutar da ta daɗe a ajiye, zai bukaci kashe Secure Boot na ɗan lokaci, ya shiga Linux ya sabunta ta, sa'an nan ya mai da tsaron. Amma ga gargaɗi babba. Windows ta kan kulle kasonta da wani makulli mai suna BitLocker, wani lokaci mai kwamfuta bai ma sani ba. In an taɓa Secure Boot, ta iya ƙin buɗewa sai an ba ta lambar ceto mai alƙaluma 48. Wanda ba shi da lambar nan ya iya rasa abin da ke kason Windows, ba kuwa mai gyaran da zai fasa masa. Saboda haka kafin a taɓa saitin UEFI a shiga Windows a duba ko makullin yana kunne, a kwafi lambar a takarda, a sa ta a akwatin shugaban makaranta.

Har ila yau, tsofaffin kwamfutocin tebur suna da ɗan batir kamar kwabo a ciki, lambarsa CR2032, shi ke riƙe agogo da saiti in an kashe. In ya mutu, kwanan wata ya kan koma shekarun baya, saiti kuma ya koma yadda ya fito daga masana'anta, har GRUB ta ɓace ko Linux ta kasa ganin rumbu. In an ga agogo yana ɓata kullum da safe, a canza batirin nan, kuɗinsa kaɗan ne.

YAUSHE ZA A KAI BIRNI?

In an bi matakan nan duka ba a dace ba, ko rumbu yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, ko Windows ma ta ƙi tashi, to aikin ya wuce na ofis. Amma kafin kwamfuta ta hau mota a kwashe kayanta. Filas ɗin da aka girka Ubuntu da shi ya iya ta da injin ba tare da ya taɓa rumbu ba, in an zaɓi gwadawa maimakon girkawa. Daga nan a buɗe kason Linux a kwafe takardu zuwa wani rumbu na waje. In an isa wurin mai gyara a nuna masa hoton allon da aka ɗauka, a gaya masa abin da aka gwada, a kuma faɗa masa a gaban shaida cewa ba a yarda ya share rumbu ba sai da izni.

SHAWARA GA SHUGABANNI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace makaranta da kowane ofis ya kamata su ajiye littafi guda na ɗakin kwamfuta, kamar yadda a ke ajiye rajistar aji. A ba kowace kwamfuta shafinta, a rubuta irin manhajar da ke ciki da lambarta, da yadda aka raba rumbu, da ranar da aka yi sabuntawa, da sunan wanda ya yi. Ran da ta kwanta, littafin nan shi zai faɗi abin da aka yi mata jiya.

A ba Linux wuri wadatacce tun ranar girkawa, gigabait 50 ko fiye in rumbu ya yarda. A zaɓi fitowar Ubuntu mai dogon zango, wadda a ke fitarwa cikin watan Afrilu bayan kowace shekara biyu, kamar ta 2024, domin ana kula da irinta shekara biyar. Kada a fara sabuntawa sai batir a cike, ko an tabbata janareta zai kai. Ikon sudo ya tsaya a hannun malami ɗaya ko biyu, ɗalibai a buɗe musu nasu suna marar iko. Kowace Juma'a kafin a tashi a kwafe sakamakon jarrabawa da takardun ofis zuwa wuri na biyu, a ajiye shi a wani ɗaki dabam. Da hunturu kuma a rufe injuna da ƙyalle bayan an kashe, domin ƙura ta kan toshe fanka, zafi ya yi yawa, injin ya riƙa mutuwa da kansa a tsakiyar aiki, wannan kuwa daidai ya ke da ɗaukewar wuta.

Abu na ƙarshe ya shafi kwalejojin horon malamai da masu kula da ilmi na ƙananan hukumomi. Abin da aka bayyana a nan bai fi darasin yini biyu ba in akwai kwamfuta a gaban mai koyo. In an tara malami ɗaya daga kowace makarantar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa lokacin hutu, a wurin da ya fi sauƙin isa ga kowa, Kwanar Dangora kuwa ita ce mahaɗarsu, a lalata musu kwamfuta da gangan su gyara da hannunsu, kowa zai koma ya koya wa wani. Masu karatu da su ka gamu da wata alama wadda ba a ambata a nan ba, su kwafo rubutun allon daidai yadda ya ke, tare da sunan manhajar da lambarta, su aiko wa Edita, domin amsar da za a ba mutum ɗaya ta amfani saura.